Daga Kano zuwa Bankok da Pattani: yadda mai ƙuri'a miliyan 14 ya kasa hawa kujera

Biza ce farkon wahalar duk ɗan Najeriyar da zai je Tailan. Ofishin jakadancinsu yana Abuja, kuma ba sa kallon takardunka sai ka haɗa da takardar wanke kai daga hukumar NDLEA, wadda ke nuna ba a taɓa kama ka da harkar ƙwaya ba. Sai bayanin asusun banki, tikitin zuwa da dawowa, da shaidar masauki. Bizar yawon buɗe ido kwana 60 take ba ka. Katin rigakafin shawara kuwa ka sa shi a aljihun gaba, domin a filin jirgin Suvarnabhumi na Bankok akwai teburin jami'an lafiya da za ka fara tsayawa a buga maka hatimi. Wanda ya wuce kai tsaye zuwa layin shige da fice, sai ya kai gaba a dawo da shi baya.

Na tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano a farkon Yulin 2023, aka yada zango a Adis Ababa, daga nan tafiyar kusan awa tara zuwa Bankok. Sarin tufafi a kasuwar Pratunam ne ya kai ni, sai dai na sauka a ƙasar da ta yi zaɓe tun 14 ga Mayu amma har lokacin ba ta da sabon firaminista, kuma ba maganar da ake yi a shago da kan titi sai wannan.

Daga filin jirgi jirgin ƙasa zai kai ka Phaya Thai a kan baht 45, wato kuɗin ƙasar. A lokacin dala ɗaya tana kusan baht 35. Na kama ɗaki a kusa da layi na bakwai na titin Phetchaburi, inda masallacin Darul Aman yake, baht 700 a kwana da na'urar sanyaya ɗaki. Unguwar ta dace da Musulmi: masu abincin halal sun cika layin, farantin khao mok gai, wato dafa-dukar shinkafa mai kurkum da kaza, baht 60 zuwa 70, kuma kasuwar Pratunam da ƙafa ake zuwa. A manyan shaguna ka nemi koren tambarin halal a jikin kaya kafin ka saya, don naman alade yana shiga abincinsu da yawa, har a romon da ba ka zata ba.

Musulmin unguwar na tarar suna murna. Ranar 4 ga Yuli majalisar wakilai ta zaɓi Wan Muhamad Noor Matha, dattijo ɗan shekara 79 daga Yala, a matsayin kakaki. Jam'iyyarsa ta Prachachart kujeru tara kacal gare ta cikin 500. Yadda aka yi ya samu shi ne ciniki na farko da aka yi bayan zaɓe. Move Forward ta Pita Limjaroenrat ta zo ta ɗaya da kujeru 151, Pheu Thai ta gidan tsohon firaminista Thaksin Shinawatra ta biyo da 141. Sun ƙulla ƙawance da wasu ƙananan jam'iyyu shida, jimilla kujeru 312, amma suka yi makonni suna ja-in-ja a kan kujerar kakaki, saboda kakaki ne ke tsara abin da zai zo gaban majalisa da ranar da za a kaɗa ƙuri'ar firaminista. Da kowa ya ƙi sakar wa ɗan'uwansa, sai suka miƙa wa na uku, kowacce ta karɓi mataimaki ɗaya. Tun daga nan mai lura ya san ƙawancen nan ba na zuciya ba ne.

Kujeru 312 cikin 500 rinjaye ne mai yawa a kowace ƙasa. Abin da ya hana shi aiki a Tailan lissafi ne da sojoji suka rubuta tun kafin a buga takardar ƙuri'a. Janar Prayut Chan-o-cha ya yi juyin mulki ranar 22 ga Mayun 2014. Gwamnatinsa ta tsara kundin tsarin mulki, aka yi masa ƙuri'ar raba gardama a 2016 cikin yanayin da ake kama masu yaƙin a ƙi shi, ya fara aiki a 2017. Kundin ya kafa majalisar dattawa mai mutum 250 waɗanda babu wanda talaka ya zaɓa a cikinsu: majalisar mulkin soja ce ta tace su, kuma kujeru shida na manyan hafsoshi ne, wato babban hafsan tsaro, shugabannin sojan ƙasa da na ruwa da na sama, shugaban 'yan sanda, da babban sakataren ma'aikatar tsaro. Sashe na 272 ya ba waɗannan sanatoci damar shiga zaɓen firaminista na tsawon shekara biyar. Ke nan a lokacin mutum 750 ne ke zaɓe, kuma sai ka samu 376. Wanda sanatoci ke so, wakilai 126 sun ishe shi. Wanda ba sa so, sai ya tara kashi uku cikin huɗu na majalisar wakilai. An gwada na'urar a 2019 ta yi aiki: sanatocin suka bi Prayut kusan kansu da ƙwarƙwatarsu, ya cire kaki ya ci gaba da mulki. Kuma idan ka ce za ka gyara kundin, gyaran ba ya wucewa sai kashi ɗaya cikin uku na sanatoci sun amince.

Ranar 13 ga Yuli na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa tashar Bang Pho, daga nan na taka zuwa ginin majalisa da ke Kiak Kai a bakin kogin Chao Phraya. 'Yan sanda sun jera kwantenoni a hanyoyin shiga, ga waya mai ƙaya, an keɓe wa jama'a wani fili can gefe. Mutane sun zo cikin riguna masu launin ruwan goro, launin Move Forward, suna kallon muhawarar a majigi da wayoyinsu. Ba matasa kaɗai ba ne. Na ga tsofaffi da mata da 'ya'yansu zaune a kan tabarmin roba, masu sayar da gasasshen nama da ruwan sanyi suna ta ciniki. Jam'iyyar ta ci kujeru 32 cikin 33 na Bankok, don haka ba abin mamaki ba ne. A ciki kuwa kusan yinin gaba ɗaya ba a yi maganar tattalin arziki ko albashi ba. Magana ɗaya ce: sashe na 112 na dokar laifuka, wanda ya tanadi ɗaurin shekara uku zuwa goma sha biyar ga wanda ya ci mutuncin sarki, sarauniya, yarima mai jiran gado ko muƙaddashin sarki. Move Forward ta yi alkawarin sassauta shi, kuma duk da cewa an cire batun daga yarjejeniyar jam'iyyu takwas, sanatoci suka riƙe shi hujja.

Ana kiran suna ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi zaɓinsa da baki. Pita ya samu 324, mutum 182 suka ƙi, 199 suka yi rowar ƙuri'a. Sanatoci 13 ne kawai suka ba shi. A nan ne dabarar take: tunda adadin da ake nema na dukan 'yan majalisa ne, ba na waɗanda suka kaɗa ba, wanda ya yi shiru da wanda bai zo ba duk sun yi aikin wanda ya ce a'a, ba tare da an ji shi ya faɗa ba.

Nasiha ga duk mai zuwa: sashe na 112 bai bar baƙo ba. Hotunan sarki suna kan manyan tituna da gaban ofisoshi da jikin kuɗi. Ƙarfe takwas na safe da shida na yamma ana sa taken ƙasa a tashoshi, kowa ya tsaya cak, kai ma ka tsaya. Kowa na iya kai ƙarar kowa a ƙarƙashin dokar, kuma abin da ka rubuta a Facebook yana cikin lissafi. Ka saurari siyasarsu yadda kake so, amma bakinka ya tsaya a kan jam'iyyu.

Ranar 19 ga Yuli aka rufe ƙofar da makulli biyu. Da rana kotun tsarin mulki ta dakatar da Pita daga zama ɗan majalisa, bisa ƙarar da hukumar zaɓe ta kai cewa yana da hannun jari 42,000 a kamfanin iTV, alhali doka ta hana ɗan takara mallakar jari a kafar watsa labarai. Jarin na gadon mahaifinsa ne, kuma gidan talabijin ɗin ya daina watsa shirye-shirye tun 2007. Da yamma majalisa ta yanke cewa ba za a sake gabatar da sunan da aka riga aka kayar ba. A daren na bi ta dandalin tunawa da dimokuraɗiyya a titin Ratchadamnoen, inda jama'a suka taru suna jawabai. Ba a harba ko barkonon tsohuwa ba, ba kuma tankar yaƙi ko ɗaya a titi. Ba a buƙace su ba. Magabaciyar Move Forward, wato Future Forward, kotun nan ce ta rushe ta a 2020, kuma jam'iyyun Thaksin biyu haka suka ƙare a hannun kotu a 2007 da 2008.

Kwanakin da suka biyo na yi su a Pratunam ina harkar kaya. Abin da ya shafi labarin nan shi ne ɗan acaɓan da ke kai ni wurin masu aika kaya, mutumin arewa maso gabashin ƙasar, yankin Isan, inda Pheu Thai ke da tushe. Baht 40 zuwa 60 yake karɓa. Da ɗan Turancinsa ya gaya mini yana cikin masu jajayen riguna, magoya bayan Thaksin, da suka mamaye Ratchaprasong a 2010, nan kusa da kasuwar, lokacin da sojoji suka tarwatsa su, aka rasa rayuka kusan 90. Shirin duba marar lafiya a asibiti a kan baht 30 na zamanin Thaksin shi ya sa yake tare da gidan har gobe. Amma a ƙarshen makon nan Pheu Thai ta fara gayyato jam'iyyun tsohuwar gwamnati ɗaya bayan ɗaya zuwa hedikwatarta da ke sabon titin Phetchaburi: Bhumjaithai mai kujeru 71, Palang Pracharath ta Janar Prawit Wongsuwan mai 40, United Thai Nation da ta tsayar da Prayut mai 36. Ana shayar da baƙin wani sanyin abin sha na cakulan da na'ana'a a gaban kyamara, har abin shan ya zama abin zunɗe a gari. Kowace jam'iyya ta fito da magana iri ɗaya: za mu shiga, in dai babu Move Forward. Ɗan acaɓan nan ya ce a lokacin kamfe an yi musu alkawarin ba za a haɗa kai da "kawunai" ba, sunan da suke kiran janar-janar ɗin da shi. Yana faɗa yana girgiza kai, sannan ya ce amma idan hakan zai dawo da Thaksin gida, zai haɗiye.

Ranar 26 ga Yuli labarin juyin mulkin Nijar ya iske mu a unguwar Nana, layi na uku na titin Sukhumvit, inda 'yan Afirka da Larabawa ke taruwa cin abinci da canjin kuɗi. Akwai 'yan kasuwar Maraɗi da Damagaram a wurin, kowa ya manne da waya yana neman gida. Wani dattijo daga cikinsu ya dube ni ya ce: "Alhaji, namu sojan ya fito a talabijin da kaki kowa ya gan shi. Na nan ƙasar fa, a ina za ka nuna shi?" Tambayar ta yi daidai. Janar Tchiani ya tsare Bazoum, duniya ta ga abin da ya faru, ECOWAS ta rufe iyaka ta sa takunkumi. A Tailan kuwa an yi zaɓe mai tsabta, kusan kashi 75 cikin ɗari na masu rajista suka fito, aka ƙirga ƙuri'a daidai, aka bayyana wanda ya ci, sannan aka hana shi mulki bisa doka. Babu wanda zai sa wa ƙasa takunkumi saboda sanatocinta sun yi rowar ƙuri'a.

Mu ma a Najeriya kundin 1999 soja ne ya ba mu shi, da dokar soja mai lamba 24 ta zamanin Janar Abdulsalami Abubakar, kuma Obasanjo da Buhari duk tsofaffin shugabannin mulkin soja ne da suka dawo ta akwatin zaɓe. Bambancin shi ne sanatocinmu 109 duk sai sun je neman ƙuri'a, kuma shugaban ƙasa jama'a ke zaɓensa kai tsaye. Rigimarmu a kan ƙirga ƙuri'a take da kotunan zaɓe, kamar yadda aka gani bayan 25 ga Fabrairun 2023. Tasu tana farawa ne bayan an gama ƙirga. A ganina tasu ta fi wuyar magani, domin maguɗi laifi ne da za ka iya kai ƙara a kansa, wannan kuwa ita kanta dokar ce.

A farkon Agusta, a daidai lokacin da Pheu Thai ta sanar ranar 2 ga wata cewa ta rabu da Move Forward, na kama hanyar kudu. Jiragen ƙasa na dogon zango yanzu daga sabuwar tashar Krung Thep Aphiwat suke tashi. Gado a taragon aji na biyu zuwa Hat Yai kusan baht dubu ɗaya ne, na ƙasa ya fi faɗi ya fi tsada kaɗan, a tashi da yamma a wayi gari a kudu. Ka sayi tikiti da wuri, ka kuma riƙe abincinka. Daga Hat Yai ƙaramar bas ta kai ni Pattani cikin kusan awa biyu.

A nan ne mutum ke ganin sojan Tailan da idonsa. Jihohin Pattani, Yala da Narathiwat mafi yawan mutanensu Musulmi ne 'yan ƙabilar Malay, kuma tun 2004 ake fama da tawaye da ya ci rayuka sama da dubu bakwai. A lokacin mafi yawan gundumomin suna ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun 2005, ga kuma dokar soja a kai. Shingayen bincike suna nan a mashigar gari da manyan mararraba: duro-duro da aka cika da siminti an jera su a karkace don dole mota ta rage gudu, buhunan yashi, kyamara, allon hotunan waɗanda ake nema, da dakaru masu baƙaƙen kaya riƙe da bindiga. Direba zai sauke gilashi ya kunna fitilar ciki idan dare ne. Fasfona aka duba, aka tambayi masaukina, aka sallame mu. Ba wanda ya nemi na goro, kuma wannan ya bambanta da abin da muka saba a hanyoyinmu. Amma matasan yankin da ke kan babur su ake tsayarwa a ɗauki hoton katinsu, kuma layin waya ba ya aiki a jihohin sai an yi masa rajista da hoton fuska. Wanda ya bi hanyar Damaturu zuwa Maiduguri a shekarun da rikici ya yi tsanani zai gane yanayin nan take.

Masauki a Pattani ya fi sauƙi, baht 500 ya isa, abinci kuma ba sai ka yi tambaya ba. Da safe khao yam, shinkafa da yankakken ganye da kwakwa da miyar kifi, sai roti da shayin madara. Na yi Juma'a a babban masallacin garin, sannan na je tsohon masallacin Krue Se na jan bulo, inda sojoji suka kashe mutum 32 da suka fake a ciki ranar 28 ga Afrilun 2004. A Oktoban shekarar aka yi abin Tak Bai, inda mutum 85 suka mutu, 78 daga cikinsu saboda an jibge su kan juna a manyan motocin soja. Duka biyun a zamanin Thaksin suka faru. Wani malamin makarantar Islamiyya da muka sha shayi tare ya ce mini shi ya sa mutanen yankin ba sa ɗaukar Pheu Thai mai ceto, ba sa kuma ɗaukar janar-janar. Abin da ya ja hankalinsu ga Move Forward shi ne alkawarin rushe hukumar tsaron cikin gida ta ISOC, wadda soja ke jan ragamarta kuma take da ofis a kowace jiha, da kuma soke aikin soja na dole. Kowane Afrilu samari 'yan shekara 21 ke zuwa cirar kati: baƙi ka koma gida, ja ka shiga bariki har shekara biyu. Idan ka haɗa wannan da gidajen talabijin da rediyo da filaye da soja ke riƙe da su, za ka ga ba sashe na 112 kaɗai ya sa aka tare jam'iyyar ba.

Na koma Bankok na ƙarasa haɗa kaya. Ranar 21 ga Agusta aka sanar da sabon ƙawance na jam'iyyu 11 mai kujeru 314, har da jam'iyyun janar-janar ɗin biyu. Washegari da safe jirgin Thaksin ya sauka a filin Don Mueang bayan shekara 15 yana gudun hijira. Filin nan na sojan sama ne a gefe guda, har akwai filin wasan golf nasu a tsakanin hanyoyin saukar jirage biyu. Masu jajayen riguna sun kwana a bakin ƙofa suna jira. Ya fito ya durƙusa gaban hoton sarki, aka wuce da shi kotun ƙoli, aka tabbatar masa da ɗaurin shekara takwas, aka kai shi kurkuku, cikin dare aka mayar da shi asibitin 'yan sanda. A yammacin ranar majalisa ta zaɓi Srettha Thavisin na Pheu Thai, attajirin harkar gidaje, da ƙuri'a 482. Sanatocin da suka ba Pita 13 suka ba Srettha sama da 150. Kusan shekara ashirin ana gaba tsakanin gidan Thaksin da soja, an yi juyin mulki biyu a 2006 da 2014 don kawar da gwamnatinsa da ta ƙanwarsa Yingluck, sai ga shi tsoron jam'iyyar matasa ya zaunar da su a tabarma ɗaya.

Kayana na bar su a hannun masu aikawa ta jirgin ruwa, waɗanda ke caji da girman ɗauri, ba da nauyi ba. Ka tabbata an rubuta sunanka da lambarka a kowane gefe na buhu, ka kuma karɓi rasit mai adadin ɗauri. Na biyo ta Adis Ababa na dawo Kano kafin bizata ta ƙare. Ina gida labarin rabon kujeru ya fito. Ranar 1 ga Satumba sarki ya rage ɗaurin Thaksin zuwa shekara ɗaya. Anutin Charnvirakul na Bhumjaithai ya karɓi ma'aikatar cikin gida, wadda ke naɗa gwamnonin jihohi. Ƙanin Janar Prawit, Patcharawat, ya zama mataimakin firaminista kuma ministan albarkatun ƙasa. Jam'iyyar da ta tsayar da Prayut ta samu ma'aikatar makamashi. Shugaban Pheu Thai, Cholnan Srikaew, ya sauka daga shugabancin jam'iyya don cika alkawarin da ya yi cewa zai sauka idan aka haɗa kai da kawunai, amma ya shiga gwamnati a matsayin ministan lafiya. Ma'aikatar tsaro an ba farar hula, Sutin Klungsang, sai dai dokar 2008 ta ɗora naɗin janar-janar a kan kwamitin da hafsoshi suka fi minista yawa a ciki. Move Forward, mai ƙuri'a sama da miliyan 14, ta koma jagorar 'yan adawa, ƙarar da aka shigar a kanta game da sashe na 112 kuma a lokacin tana gaban kotun tsarin mulki.